Ruwan da ke Kwanciya Ƙarƙashin Tantanin Gani, da Hoton da ke Tona Asirinsa

Mai karatu, mu ƙaddara kana zaune a ɗakin shan magani na garinku ranar kasuwa, sai ga wani tela ɗan shekara talatin da ƴan kai ya yi sallama. Idonsa fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye, bai kuma ce yana yi masa ciwo ba. Kukansa guda ne: mako uku ke nan in ya ɗora yadi a kan keke sai ya ga layin ɗinki ya karkace, alhali abokan aikinsa sun ce a miƙe yake. Jiya ƙura ta faɗa masa a idon hagu ya rufe shi da tafin hannu, sai ya ga fuskar yaron shagonsa ta dushe daga tsakiya. Kunnuwa da hula suna nan, hanci da baki sun shiga hazo.

Me za ka ce masa? Abin da aka saba yi wa irin wannan mutum bai wuce uku ba. Ko a ba shi maganin ɗigawa, ko a ce ya je a yanka masa tabarau, ko a ce yana ce ta fara, ya koma gida ya jira ta nuna. Duka ukun lokaci kawai suke ci masa, domin abin da ke damunsa yana can ƙuryar ido, inda tocila ba ta kaiwa. Wannan darasi zai yi maka bayanin ɗaya daga cikin cututtukan da ke zuwa da wannan siffa, watau ruwan da ke taruwa a cibiyar gani saboda wani naƙasu da aka haifi mutum da shi a kan jijiyar gani, da kuma hoton da ake gane shi da shi. Cutar ba ta da yawa. Amma wanda ya koyi gane ta ya koyi gane dangoginta, su kuwa suna da yawa ƙwarai.

Wurin da abin yake faruwa

Ƙwallon idon babban mutum tsawonsa daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne. Haske yana shiga ta baƙin ido, ya ratsa madubin cikin ido, wanda shi ne yana take rufewa, ya ƙetare wani ruwa mai kauri garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai wanda ya cika cikin ƙwallon, sa'an nan ya sauka a kan wani tantani da aka shimfiɗe bangon baya da shi. Wannan tantani shi likitoci ke kira ratina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma hawa-hawa yake, har hawa goma ake ƙirgawa. Ƙwayoyin da ke karɓar haske suna hawan can ƙasa, sun jingina da wata baƙar shimfiɗa wadda ke ciyar da su, take kuma tsotse duk ruwan da ya nemi kwanciya tsakaninta da su. Ka riƙe wannan magana, domin a kanta darasin ya ginu: muddin ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyin gani da shimfiɗar da ke ciyar da su, to an raba su da abincinsu, kuma in rabuwar ta daɗe sukan lalace lalacewar da ba ta gyaruwa.

Wurare biyu a kan ratina suka shafe mu. Na farko shi ne makula, cibiyar gani, ɗan fili mai faɗin milimita 5 da ɗoriya, da ɗan kwari a tsakiyarsa. Da shi kake karatu, da shi kake zura zare a allura, da shi kake shaida fuska. Na biyu shi ne kan jijiyar gani, wani ɗan faifai mai faɗin kusan milimita ɗaya da rabi, inda zaruruwa fiye da miliyan ɗaya suke haɗuwa su fita daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Wuraren nan biyu maƙwabta ne na kusa, ƴan milimitoci ne tsakaninsu. Faifan yana ta ɓangaren hanci, makula tana gefensa ta ɓangaren kunne.

In kana son ka tabbatar wa kanka da zaman faifan nan, ɗauki farar takarda ka yi alamar gicciye a hagu, ka yi ɗigo a dama, santimita 8 tsakaninsu. Rufe idon hagu, ka kafa idon dama a kan gicciyen, ka riƙa matso da takardar a hankali. Idan ta zo wajen santimita 30 daga fuskarka, ɗigon zai ɓace. Hotonsa ne ya faɗa a kan faifan jijiya, inda babu ƙwayoyin karɓar haske. Wani masani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya bayyana wannan tun a ƙarni na 17.

Ramin da aka haifi mutum da shi

A makonnin farko na ciki, lokacin da ake halittar ido, akwai wata tsaga a ƙasan ƙwallon wadda ya kamata ta haɗe wajen mako na biyar zuwa na bakwai. In ba ta haɗe duka ba sai a haifi yaro da giɓi, wanda ake kira kolobama. Giɓin yana iya kasancewa a gaba, ka ga baƙin idon yaro kamar kafar mabuɗi, yana kuma iya kasancewa a baya, a kan ratina ko a faifan jijiya. Akwai wani naƙasun dabam wanda faifan jijiya ke buɗewa ya zurma kamar mazurari, jijiyoyin jini suna fitowa ta gefensa a jere. Likitan da ya raɗa masa suna a 1970, Kindler, ya kwatanta shi da furen wata yaɗo ƴar uwar dankalin Hausa, kuma duk wanda ya san furen dankali ko na duman kada ya san siffar da ake nufi. Mai irin wannan yawanci tun yana yaro ake lura idonsa ɗaya ba ya gani sosai ko ya karkace, kuma wajibi ne a yi masa hoton ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta na jini, domin wani lokaci naƙasun yana tafe da wani a gindin ƙoƙon kai ko a jijiyoyin.

Mafi ƙanƙanta a wannan dangi, kuma mafi ɓoyuwa, shi ne ɗan rami a kan faifan jijiya. Wani likita mai suna Wiethe ne ya fara rubuta bayaninsa a 1882. Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin kusan 11,000 yana da shi, maza da mata daidai. Galibi ido ɗaya yake kamawa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai suke da shi a ido biyu. Launinsa toka-toka ne, wani lokaci fari ko rawaya, kuma mafi yawa yana zaune a gefen faifan da ke fuskantar makula. Wannan mazauni nasa shi ne tushen matsalar.

Ramin shi kaɗai ba ya hana gani. Mutum zai yi makaranta, ya yi sana'a, ya yi aure, bai san yana da shi ba. Sai dai a cikin masu shi akwai waɗanda ruwa ke tsattsafowa ta ramin ya malala zuwa makula, yawanci tsakanin shekara ashirin da ƴan kai zuwa arba'in, ko da yake ana ganinsa a yara da dattawa. Rahotannin likitoci sun sha bamban kan yawan waɗanda hakan ke samu, daga kashi 25 har zuwa kashi 75 cikin ɗari. Ko mafi ƙarancin lissafin aka ɗauka, ɗaya cikin huɗu ba abin rainawa ba ne.

Iyaye za su tambaye ka ko wani abu ne uwa ta ci ko ta yi lokacin da take da ciki. Ka kwantar musu da hankali. Ramin nan mafi yawa haka kawai yake zuwa, ba tare da wani a dangi yana da shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Daga ina ruwan yake fitowa

Har yau masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma jayayyar tana da amfani a gare ka, domin ita ke bayyana dalilin da ya sa hanyoyin magani suka bambanta. Wasu sun ce ruwan daga cikin ƙwallon ido yake. Wannan ruwa mai kauri da muka ambata yana tsinkewa da shekaru, yana kuma jan ratina a inda ya manne mata, sai tsinkakken ya zurara ta ramin. Hujjarsu ita ce gwajin da aka yi a Amurka a 1979 a kan wani jinsin karnuka masu irin wannan naƙasu, inda aka zuba tawada a cikin ƙwallon idon aka kuma same ta a ƙarƙashin ratina. Wasu kuma sun ce ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka ne, domin jijiyar gani a cikin kube take, kuben kuwa cike yake da wannan ruwa har zuwa bayan ido. Su ma suna da hujja: an taɓa ganin man silikon da aka zuba a idon mai irin wannan rami lokacin tiyata ya bi jijiya ya bayyana a cikin kai. Mai yiwuwa ne ramin ƙofa ce mai buɗewa ta fuska biyu, kowane mutum da ɓangaren da ya fi rinjaye a idonsa.

Abin da za ka iya yi da abin da ke hannunka

Kafin a kai ga na'ura akwai aiki a gabanka, kuma ba ya bukatar wutar lantarki. Fara da awon gani, kowane ido shi kaɗai, ɗayan a rufe ruf. Mutane da yawa sun yi watanni da ido ɗaya ba su sani ba saboda mai lafiyar yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sa'an nan ka huda kwali da allura ka sa ya duba allon awo ta hudar. In matsalar ta tabarau ce, gani zai ƙaru nan take. In ta makula ce, ba zai ƙaru ba, wani lokaci ma sai ya ce ya fi duhu.

Gwaji na uku shi ne na gidajen dara, wanda likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan, Marc Amsler, ya tsara a shekarun 1940. Murabba'i ne mai santimita 10 a kowane gefe, an ja masa layuka kowane milimita 5, da ɗigo a tsakiya. In ba ka da bugagge, littafin ƴan makaranta mai ƙananan gidaje ya wadatar: ƙirga gida ashirin a tsaye, ashirin a kwance, ka bi layukan da baƙin biro da rula. Mai ciwo ya riƙe takardar santimita 30 daga ido, cikin haske mai kyau, da tabaran karatunsa in yana da shi, ya rufe ido ɗaya ya kafa ɗayan a kan ɗigon. Tambaye shi ko layukan a miƙe suke, ko wasu sun lanƙwashe, ko wasu gidaje sun ɓace ko sun ƙanƙance. Ba shi biro ya zagaye wurin, ka rubuta kwanan wata a kusurwa. Wasu kuma za su gaya maka abu ya fi ƙanƙanta in sun dube shi da idon mai ciwo, ko launuka sun koɗe. Duk waɗannan alamun makula ne.

In wurin aikinku akwai madubin duba ƙuryar ido da wanda ya iya shi, a ɗiga maganin buɗe baƙin ido a duba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a kan makula, a ga ta kumbura, a manta da faifan jijiya. A dubi gefen faifan da ke fuskantar makula da kyau, a kuma kwatanta faifan ido biyu, domin mai ramin sau da yawa ya fi ɗan'uwansa girma. Ka gargaɗi wanda aka ɗiga wa maganin cewa zai ga dishi-dishi na wasu awoyi, kada ya hau babur ya koma gida da kansa.

Hoton da ke yanka ratina ba da wuƙa ba

Madubin duba ido da kyamarar ƙuryar ido suna nuna maka ratina ne daga sama, kamar mai tsaye a kan tudu yana hangen gona. Zai ga inda ƙasa ta yi tozo, amma ba zai san abin da ke ƙarƙashi ba. Mai haƙar rijiya kuwa, da yake yana cikin ramin, yana ganin hawa-hawan ƙasa a jikin bango: ga rairayi, ga yumɓu, ga marmara, ga inda ruwa ke tsattsafowa. Irin ganin mai haƙar rijiya shi ne abin da na'urar OCT take bayarwa.

An fara bayyana wannan fasaha a 1991, daga ɗakin binciken James Fujimoto a jami'ar MIT ta Amurka, tare da David Huang da Eric Swanson, kuma su ukun sun karɓi lambar yabo ta Lasker a 2023 saboda ita. Aikinta ya yi kama da na na'urar hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu, wadda ake ce wa sikanin a Najeriya, eko a Nijar. Waccan amon sauti take aikawa ta saurari dawowarsa. Wannan kuwa haske take aikawa, marar ƙarfi, na kusa da ja wanda ido bai cika gani ba, ta auna yadda kowane hawa na ratina ya maido shi. Tana rarrabe abubuwan da tazararsu ba ta wuce maikiromita 5 zuwa 7 ba, alhali milimita ɗaya maikiromita dubu ce.

Gaya wa wanda za ka tura abin da zai tarar, domin tsoro na hana mutane zuwa. Zai zauna ya ɗora haɓa a kan mariƙi, ya dubi wani ɗigon haske, cikin ƴan daƙiƙoƙi an gama. Ba abin da ke taɓa ido, ba allura, ba irin hasken hoton ƙashi, kuma mai ciki ma ana yi mata. Abin da ke hana hoton fita da kyau shi ne yana mai kauri, ko hakiya, ko jini a cikin ido, ko rashin tsayar da ido wuri ɗaya. In hanya ta toshe haka, sai a koma ga na'urar amon sauti ta ido, wadda ke nuna ko ratina ta ɗago amma ba ta nuna hawa-hawanta.

Yanzu ga yadda za ka karanta takardar in an dawo maka da ita. Nama yana fitowa fari ko toka-toka, ruwa yana fitowa baƙi. A lafiyayyen ido za ka ga layuka kwance a kan juna kamar an jera tabarmi, da ɗan kwari mai kyau a tsakiya. A idon mai rami abu biyu za ka nema. Na farko, naman ratina kansa ya dare, baƙin fili ya shiga tsakanin hawa da hawa, da wasu siraran ginshiƙai a tsaye suna riƙe da sama da ƙasa kamar dirkokin rumfa. Na biyu, wani baƙin fili a can ƙasa, ba ginshiƙi ko ɗaya a cikinsa, ya ɗaga ratina gaba ɗaya daga baƙar shimfiɗarta kamar yadda danshi ke ɗaga yaɓe daga jikin bango. Wannan na biyun shi ne ruwan ƙarƙashin ratina. Tun a 1988, kafin a sami na'urar, Harvey Lincoff da abokan aikinsa a Amurka suka ce darewar ce ke fara zuwa, ɗagowar ta biyo baya. Da OCT ta zo sai ta nuna hawa biyun nan a idanu da yawa, ta kuma nuna cewa ba kowane ido ne ke bin wannan jeri ba.

Babbar shaida ita ce inda ruwan ya nufa. A wannan cuta, in ka bi baƙin filin da yatsa, zai kai ka har bakin faifan jijiya. Saboda haka a takardar turawa ka roƙa a ja layin hoton ya ratsa makula da faifan tare. In makula kaɗai aka ɗauka, za a ga ruwa a rasa mafarinsa, a raɗa wa cutar sunan da ba nata ba. Likita zai kuma dubi wani siririn farin layi a hawan ƙwayoyin gani. In yana nan a haɗe, akwai kyakkyawan zaton gani zai dawo bayan magani. In ya gutsuttsure, ko kwarin tsakiya ya yi sirara har ya fara hujewa, to ruwan ya daɗe, kuma ya kamata a faɗa wa mai ido gaskiya tun kafin ya sayar da abin hannunsa.

Wani lokaci akan ƙara da hoton rini, wanda aka fara yi tun 1961. Ana zuba wani rawayan rini a jijiyar hannu, a riƙa ɗaukar hoto yayin da yake zagaya jijiyoyin ido. Fitsari zai yi rawaya sosai kwana ɗaya ko biyu, wasu kan ji tashin zuciya, kuma dole a tambayi mutum ko jikinsa ya taɓa ƙin wani magani. A cutar rami, ramin yakan yi duhu da farko ya haskaka daga baya, makula kuwa ba a ganin wurin yoyo a cikinta. Wannan rashin yoyon ne amfanin hoton.

Masu kama da ita

Wadda ta fi rikitar da mutane ita ce wata cutar da ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin baƙar shimfiɗa ya ɗaga makula, ba tare da wani rami ba. Ta fi kama maza masu matsakaicin shekaru, hoton rini yana nuna ɗigon yoyo yana faɗaɗa ko yana tashi kamar hayaƙi, kuma sau da yawa tana bajewa da kanta cikin ƴan watanni. Tana da alaƙa mai ƙarfi da magungunan sitiroyid, don haka kada ka ji kunyar tambaya: ko yana shan ƙwayoyin ƙiba irin na ƴan tebur, ko ana yi masa allurar ciwon gaɓoɓi, ko ana shafa man canza launin fata a gidan. Da yawa daga cikin waɗannan akwai sitiroyid a ciki. Haka nan ciwon sukari, da hawan jini mai tsanani, da hawan jinin masu ciki, duk suna tara ruwa a makula, saboda haka duk mai wannan kuka a auna masa jini da sukari kafin ya bar gabanka. Ramin yana kuma iya ɓad da kama ya yi kamar hawan jinin ido, a ɗora wa matashi maganin ɗigawa na har abada ba gaira ba dalili.

Akwai alamun da ba a jiran komai a kansu. Wanda ya ce yana ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo sun taso masa rututu, ko wani labule yana rufo gani daga gefe, ratinarsa ce take yagewa, kwanaki ne a hannunsa. Yaron da aka ga baƙin idonsa yana ƙyalli fari kamar na kyanwa da dare, a tura shi a makon, domin akwai kansar ido a cikin abubuwan da ke kawo haka.

Magani

Babu maganin ɗigawa ko kwalli ko hayaƙi da ke kai wa ga wannan ruwa. Allurar da ake yi a cikin ido saboda kumburin ciwon sukari ma ba ita ce maganinsa ba. Mai tura yana da tsinke kuwa, in aka kai masa wannan ido, lafiyayyen madubi zai tura, a taru a yi asara biyu.

A wajen kusan mutum ɗaya cikin huɗu ruwan yakan janye da kansa, musamman a yara, shi ya sa in gani bai ragu sosai ba likita kan ce a dakata ƴan watanni ana maimaita hoto. Dakatawa da hoto a hannu daban take da komawa gida a manta. Binciken da aka bi marasa lafiya shekaru ba tare da magani ba ya nuna mafi yawansu ganinsu ya sauka har ba sa wuce babban harafin saman allo, kuma raguwar takan faru ne a watannin farko.

A da leza aka fi yi, a ƙona ɗan layi a gefen faifan domin a yi wa ruwan shinge, amma ita kaɗai sakamakonta ba ya tabbata. Yau abin da aka fi yi shi ne tiyatar cire ruwan nan mai kauri daga cikin ƙwallon, a saki jan da yake yi wa ratina, sau da yawa a cika idon da iskar gas, wasu su ƙara da leza, wasu su toshe ramin da ɗan tantanin da suka ɓare daga saman ratina. Aiki ne na likitan da ya ƙware a tiyatar ratina, ba kowane mai cire yana ke yin sa ba.

Abu uku za ka nanata wa wanda aka yi wa aikin. Ruwan ba ya tafiya rana ɗaya, yakan ɗauki watanni, har shekara, don haka kada ya yanke ƙauna in hoton wata na biyu ya nuna saura. Muddin akwai iskar gas a idon, mako biyu ko har wata biyu gwargwadon irinta, ba zai hau jirgin sama ba, ba zai hau tsauni mai tsawo ba, domin iskar tana kumbura a sama ta iya kashe jijiyar. Mai niyyar Hajji ko Umra ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki, kuma in wata tiyata ta taso masa a wannan tsakani, ya gaya wa mai sa barci cewa akwai iska a idonsa. Na uku, yana takan biyo bayan wannan aiki ko da bayan shekaru ne, ita kuwa cire ta abu ne da aka saba.

Takardar da za ta ƙetare iyaka

Mutanenmu ba sa tambayar iyaka in ido ya yi ciwo. Na Maraɗi yana gangarawa Katsina da Kano, na Damagaram yana bi ta Magarya ko Maigatari, na Ƙonni yana shiga Sakkwato, wasu su wuce Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu su nufi Yamai, ko cibiyar IOTA ta Bamako. Kafin mutum ya kama hanya, a buga waya a tabbatar na'urar OCT tana aiki a ranar, kuma akwai likitan ratina a wurin. Tafiyar kwana guda a tarar da na'ura a lulluɓe tana sa talaka ya rantse ba zai sake ba.

Haruffan OCT iri ɗaya ne a takardar Ingilishi da ta Faransanci, amma sauran rubutun ya bambanta, kuma nan ake samun ruɗani. A Nijar, Cadi da Kamaru ana rubuta ƙarfin gani bisa goma, a Najeriya bisa shida: 10/10 shi ne 6/6, 5/10 shi ne 6/12, 3/10 ya yi kusa da 6/18, 1/10 kuwa shi ne 6/60. OD idon dama ne a ko'ina, a Najeriya kuma akan rubuta RE. Idon hagu OG ne a takardar Faransanci, OS ko LE a ta Ingilishi. Ka rubuta "dama" ko "hagu" da Hausa a gefe, ba abin da zai rage ka.

A jikin takardar hoton akwai lambar kaurin tsakiyar makula, wadda a lafiyayyen ido take wajen maikiromita 250. Na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa auna ta daidai da juna, saboda haka lambar Kano da ta Yamai ba a kwatanta su kai tsaye. In da hali, a riƙa komawa na'ura ɗaya. In babu, likita hoton kansa zai duba, shi ya sa mai ciwo ya roƙi bugaggen hoto, kada ya tsaya ga rubutaccen sakamako kaɗai. Ya ɗauke shi a waya tun ranar, da suna da kwanan wata suna fita, domin takarda tana koɗewa a aljihu.

A taka takardar turawa ka rubuta shekarunsa, wane ido, ranar da ya fara lura, ƙarfin ganin kowane ido da na huda, awon jini da sukari, da duk maganin da yake sha ko shafawa, ka liƙa takardar gidajen darar da ya zagaye. Ka ba shi wata sabuwa ya manna a bangon ɗakinsa, ya riƙa gwada kowane ido sau ɗaya a mako. Wanda aka ga yana da rami amma ruwa bai taru ba, shi ma a ba shi tasa, a ce ya zo dubawa kowace shekara, kuma ranar da layi ya lanƙwashe masa kada ya jira shekarar ta cika.